DOGON HUTU YA ZO: INA YARANMU ZA SU WUNI?

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, ɗan kasuwar goro, ya gabatar a taron iyaye da aka yi a Sabo, Ibadan, gab da rufe makarantu.



Mai girma Sarki da 'yan majalisarsa, Allah ya ja zamaninku. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da samarinmu da ke tsaitsaye can baya, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu yi magana a kan dogon hutun makaranta da ke tafe. Mu dai ba likitoci ba ne, ba kuma malaman boko ba. 'Yan kasuwa ne, iyakarmu Islamiyya da huhun goro. Amma a nan muka girma, a nan muka haifi namu, kuma abin da ido ya gani shi za mu faɗa. Inda muka yi kuskure, masana suna nan, sai su gyara mana.

Jama'a, daga ƙarshen watan Yuli zuwa wajen tsakiyar Satumba makarantu a rufe suke, kusan mako bakwai ke nan. Uba ya fita tun da sassafe, wani Bodija, wani Sasa, wani Akinyele wajen shanu. Uwa tana fama da tuwon sayarwa ko ɗinki. To tambayar da ta tara mu ita ce: daga hantsi zuwa magariba, ina yaron nan yake, kuma idon wa ke kansa?

Da yawanmu in an yi wannan tambaya sai mu ce ai babu kuɗi, abinci ma da ƙyar, balle lesin ko yawon buɗe ido. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Sai dai abin da muka zo faɗa yau shi ne, hutun yaro tsari yake so da ido. Kuɗin da zai shiga ciki kaɗan ne, in har muka haɗa kai.

ABIN DA YA BAMBANTA MU DA GIDA

A gida Arewa wannan hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin noma. Yaro yana tashi sai gona, ko kiwo, ko kai abinci ga masu aiki. Ya dawo a gajiye, ya ci tuwo, ya yi barci. Ban da haka, duk garin an san ɗan wane ne. In ya kauce hanya, kafin ya kai gida labari ya riga shi.

Mu nan Kurmi ba mu da gona. Unguwar nan ta Sabo tun 1916 aka kafa ta, kakanninmu suka zauna da cinikin goro da shanu, amma filin bai ƙaru ba, mutane ne suka yi ta ƙaruwa. Gida ɗaya sai ka tarar da iyali shida ko takwas, ɗaki ciki da falo, tsakar gida kamar tafin hannu. Yaro in ya fito ƙofar gida kwata ce, in ya ƙara taku uku titi ne da okada da Micra. Aikin da gona take yi wa iyaye a gida, mu nan sai mun ƙirƙire shi da hannunmu. In ba mu cika wa yaro wuninsa ba, titi zai cika masa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

RUWA SHI NE NA FARKO

Za mu fara da haɗari kafin wasa, domin mai rai shi ke wasa.

Ruwan Badun yana da wata ɗabi'a da baƙo bai sani ba. Yakan ɗan lafa a cikin Agusta, har mutum ya saki jiki, sannan ya dawo da ƙarfinsa a ƙarshen watan zuwa Satumba, daidai lokacin da yara ke gida. Manyan ambaliya biyu da garin nan ba zai manta da su ba duk a ƙarshen Agusta suka zo. Ta farko ranar Lahadi 31 ga Agusta 1980, lokacin da kogin Ogunpa ya cika ya shiga gidaje, wadda Yarbawa ke kira Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Mu da yawa a ɗakin nan muna yara a lokacin, mun ga abin da ya bari. Ta biyu ranar Juma'a 26 ga Agusta 2011, a goman ƙarshe na azumi, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Ogunpa kuwa ba nisa gare shi da mu ba, maƙwabcinmu ne.

Amma fa ba sai an yi ambaliya ruwa ke cin yaro ba. Shekarun baya a gidan da muke haya, bayan ruwan la'asar, yara suka fita suna bin takalmin roba da suka saka a kwata suna tsere da shi. Ɗaya ya miƙa hannu zai cafko nasa, ƙafarsa ta zame. Ruwan bai kai masa ƙugu ba, amma ya ja shi kamar tsumma. Allah ya sa wani mai ɗinkin takalmi yana fake a bakin rumfa, ya kamo rigarsa gab da bakin kwalbati. Da ya shige ƙarƙashin titin nan, sai dai wani labarin. Uwarsa tana cikin gida tana tankaɗe, ba ta ma san ya fita ba. Yau yaron nan magidanci ne, yana nan cikinmu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo:

Na ɗaya, da zarar hadari ya haɗu, kowace uwa ta ƙirga 'ya'yanta. Kada a buɗe ƙofa sai ruwan kwata ya janye, domin ruwan sama yakan ɗauke amma na kwata yana ta tahowa daga kan tudu.

Na biyu, kada kowa, babba ko yaro, ya ratsa ruwa mai gudu. Ruwan da ya ɗan wuce idon sawu, in yana da ƙarfi, yana iya kayar da babban mutum. Kuma ba ka ganin inda murfin kwata ya ɓalle.

Na uku, ruwan cikin gida. Bokiti, baho, duro da rijiya duk mukan cika su da damina. Yaro mai rarrafe ko mai tatata kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya tasowa, kuma ba ya ihu. A cikin 'yan mintoci an gama. A rufe duro, a kife baho in an gama wanki, a yi wa rijiya murfi da kwaɗo.

Na huɗu, samari masu sulalewa zuwa Eleyele ko ramukan da aka haƙi ƙasa su yi iyo, a gaya musu a fili cewa an hana. In kuwa wani ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka mai murfi ya rungume. Sau da yawa gawa biyu ake fiddawa maimakon ɗaya. Wanda aka ciro kuma, ko da ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti.

Na biyar, in ana tsawa a bar filin ƙwallo, kada a fake a gindin bishiya. Wayar lantarki da iska ta tsinko, kada a matsa kusa da ita ko da an ɗauke wuta, domin ba a sallama kafin a dawo da ita.

ABIN YI A GIDA BA TARE DA KASHE KUƊI BA

To mun hana yaro titi, mun hana shi ruwa. In muka tsaya a nan ba mu yi komai ba, domin yaro ba tunkiya ba ne da za a ɗaure a turke. Dole a ba shi abin da ya fi titi daɗi.

Mu raba wunin gida uku.

Safiya ta karatu ce. Makarantun Islamiyya da na allo suna nan, a roƙi malamai su buɗe da safe a lokacin hutu. Bayan an taso, awa ɗaya ta bitar boko. Ba sai an biya kuɗin lesin ba. A kowane layi akwai ɗalibin babbar sakandare ko na jami'a da ke zaman hutu. A ba shi allo da alli da zaure, ya tara ƙanana goma, mu kuma iyaye mu riƙa sa masa albarka da ɗan abin sabulu. Shi ya tsira daga zaman kashe wando, su kuma ba su manta lissafi ba.

Muna ƙara roƙon a sa karatun Hausa a ciki. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'ya'yanmu da yawa Yarbanci da Turancin Buroka sun fi zama a bakinsu. Jin Yarbanci alheri ne, da shi muke ciniki, da shi muke zaman lafiya. Amma abin kunya ne yaro ya je ganin kakarsa a Kano ko Katsina a nemo masa tafinta. Littattafai irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam suna nan a akwatunan wasunmu, asu na cinsu. A fito da su. Kwafi ɗaya ya ishi layi guda, babba ya karanta da ƙarfi, saura su saurara.

Rana ta sana'a ce. Wannan shi ne gadonmu, kuma shi ne muka fi sakaci da shi. Yaron da ya kai shekara goma sha biyu ya bi ubansa ko kawunsa rumfa kwana uku a mako. Mu 'yan goro, a gefen iyayenmu muka koyi bambanta sabo da daushe, da fid da mai tsutsa tun bai ɓata sauran ba, da shimfiɗa ganye a kwando, da ƙirga, da rubuta bashi a littafi. Babu makarantar da ta koya mana wannan. Wanda ubansa ba shi da rumfa, akwai tela, akwai mai ɗinkin hula, akwai kafinta, akwai mai gyaran waya. A damƙa shi hannu da hannu, a yi sharaɗin lokacin zuwa da na tashi. Amma a kula, koyo muka ce. Ba a ɗora wa yaro buhun da ya fi ƙarfinsa, ba a tura shi tsallaka babban titi da kaya a ka.

'Yan mata kuma, iyayenmu mata, ku ne malamansu. Kitso, lalle, saƙa, ɗinki, da su alkaki, dubulan, nakiya da gireba. Tsofaffin da suka iya waɗannan suna ƙarewa. Yarinyar da ta iya dubulan mai kyau, duk bikin da za a yi a unguwar nan sai an neme ta. Ita ma a koya mata lissafin jari da riba, kada a bar wa maza kaɗai.

Ga wani abu kuma da muka jarraba ya yi kyau: noman buhu. A samu tsohon buhun shinkafa ko fasasshen bokiti, a huda gindinsa, a cika da ƙasa da takin akuya. Alayyafo mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Lalo, wanda maƙwabtanmu ke kira ewedu, shi ma ba ya daɗewa. Kuɓewa wajen wata biyu, wato in an shuka ranar da aka ba da hutu, gab da komawa makaranta ko jim kaɗan bayan nan za a sha miyarta. Ruwan sama kyauta ne. Kowane yaro a ba shi buhunsa da sunansa a jiki. Ɗan da bai taɓa ganin gona ba, ya san cewa miya daga ƙasa take fitowa.

Yamma ta wasa ce. Wasanninmu ba sa cin ko kwabo: langa, dara, carafke, 'yar gala-gala, ɓuya, gaɗa. Dara rami ne a ƙasa da tsakuwa da tsinke, amma tana wasa ƙwaƙwalwa. Ƙwallo ma a yi, da sharaɗin a fili ne, ba kan titi ba, kuma da babba ɗaya a wurin. Bayan sallar isha'i, daren da babu wuta, maimakon kowa ya duƙufa a kan waya, a shimfiɗa tabarma a kira tsohuwar gidan ta yi tatsuniya da kacici-kacici. A kuma sa dattawa su ba da tarihin yadda iyayensu suka zo garin nan, daga wane gari, a jirgin ƙasa ko a mota, wane maigida ya sauke su. Yaron da ya iya rubutu ya rubuta a littafi. Wata rana wannan littafin zai fi ƙarfin kuɗi.

FITA GANIN GARI

Abin mamaki, akwai wanda aka haifa a Sabo, ya yi furfura a Sabo, bai taɓa hawa Oke Are ba. Baƙi na biyan kuɗin mota daga nesa su zo kallon abin da ke bayan gidanmu. Sau biyu a cikin hutu, kowane layi ya shirya fita. Ga wuraren da ba su da nisa:

Gidan namun daji na Jami'ar Ibadan. Jami'ar da gidan namun duk a 1948 aka fara su. Yaro zai ga zaki da kura da kada da jimina ido da ido, ba a tatsuniya ba. Kuma ratsawa ta cikin jami'ar kaɗai darasi ne, sai ka ji yaro ya ce shi ma nan zai zo.

Hasumiyar Bower da ke kan Oke Are, an gina ta a 1936. Daga samanta ana hango garin kusan duka, da jajayen rufin kwanonsa. Matakalar ƙunci gare ta, tana murɗawa, saboda haka a riƙa hawa kaɗan-kaɗan, babba a gaba, babba a baya.

Gidan Koko da ke Dugbe, mai hawa 26, an gama shi a 1965 da kuɗin koko. Ko daga waje a tsaya a nuna wa yara, a ce musu wannan gumin manoma ne. Akwai kuma ɗakin taro na Mapo, na 1929, da gidan adana kayan tarihi da ke Alesinloye, inda aka tara kayan gargajiya na ƙabilun ƙasar nan, har da namu.

Lambun Agodi, wanda ambaliyar 1980 ta lalata, aka gyara shi aka sake buɗewa a 2014. Wuri ne mai inuwa, amma akwai tafki da wurin iyo, don haka a nan ne ido zai fi buɗewa.

Yadda za a rage tsada: a tafi a ƙungiyance, a yi shatar mota ɗaya. A tura mutum tun ana jibi ya ji kuɗin shiga, ya nemi ragi tunda yara ne da yawa. A dafa abinci daga gida, dafa-duka ko ɗanwake, a ɗauki ruwa a jarka. Abin da ke cinye kuɗin fita ba ƙofa ba ce, kwalam da maƙulashe ne.

Yadda za a dawo lafiya: babba ɗaya ga yara biyar, kuma ya san su da suna. A ƙirga kafin a hau mota, a ƙirga in an sauka, a ƙirga kafin a juyo. Kowane ƙaramin yaro a sa masa takarda a aljihu da sunan mahaifinsa da lambar waya. Ana isa a nuna musu wuri ɗaya a ce duk wanda ya ɓace ya tsaya a nan. A fita da safe, a dawo kafin la'asar, tun hadari bai haɗu ba.

Sai gargaɗi mai nauyi a kan taron kyauta. Ranar 18 ga Disamba 2024, a Bashorun cikin garin nan, an shirya wa yara biki aka yi alkawarin kyauta da abinci. Jama'a suka yi dafifi tun da asuba, aka yi turmutsutsu a bakin ƙofa, yara 35 suka rasu. Iyayen nan ba sakarkaru ba ne, talauci ne ya kai su, kuma da mu ma mun ji sanarwar wataƙila da mun tura namu. Darasin shi ne, duk inda aka ce za a raba abu kyauta ga dubban mutane ta ƙofa ɗaya, kada a kai yaro. In ka isa wuri ka ga an fara matsi har ba ka iya ɗaga hannu, ɗauki ɗanka ka juya tun da sauran hanya. Babu kyautar da ta kai rai.

HAƊARIN CIKIN ƊAKI

Sauro. Damina lokacinsa ce, kuma a ruwan da ya kwanta yake hayayyafa, daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma. Don haka ranar Asabar yara su zama 'yan duba-gari: a kife gwangwani, a zubar da ruwan tsohuwar taya, a cike kududdufi. Yashe kwata kuwa aikin manya ne. Gidan sauron da aka raba mana a ɗaura shi a kan gado, ba a shingen kaji ba. Yaro in ya yi zazzaɓi a je a yi gwaji a ranar, kada a tsaya canki-canka a kemis. In ya fara fizge-fizge, ko ya kasa sha, ko barci ya yi masa nauyi, asibiti kai tsaye.

Amai da gudawa. Ruwan damina yana wanko ƙazanta cikin rijiya. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida da kafin cin abinci. In gudawa ta kama yaro, rashin ruwa a jiki ne ke kisa. A ajiye ƙullin ORS a gida. In babu, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya-wata biyu, da ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shan nono a ci gaba da ba shi, sannan a nufi asibiti.

Kananzir da maganin ƙwari. Kada a zuba su a kwalbar lemo, domin yaro kwalbar ya sani. In ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Aman ne ke kai shi huhu. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da kwalbar.

Ƙuna. A zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da gishiri. Risho da tukunyar gas kuma a ɗaga su daga inda mai rarrafe zai kai.

Janareto. Saboda ruwa da ɓarayi sai a shigo da shi baranda ko lungu a rufe ƙofa. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, ba ta da launi, tana kwantar da gida guda a cikin barci. A waje yake kwana, nesa da taga.

Lambar neman agaji ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce. Amma kowane gida ya rubuta lambar mai mota ko mai keke na kusa a bango, saboda dare.

TALLA, WAYA, MAƘWABTA DA TAFIYA GIDA

Talla tana ƙaruwa a lokacin hutu. Mun fi son a bari, amma mun san halin da wasu gidaje ke ciki. In ya zama dole, su tafi bibbiyu, a cikin unguwa, su dawo kafin magariba. A gaya wa yarinya da yaro baki da baki: ba a shiga ɗakin kowa, ba a shiga motar kowa, ko da zai saye farantin duka. Kuma duk abin da ya faru su faɗa, ba za a doke su ba. Yaron da ke tsoron bulala shi ke ɓoye abin da ya fi bulala.

Waya kuma titi ce da ta shigo har ɗaki. Akwai caca a ciki, akwai baƙin da ba mu san su ba. A yanka mata lokaci, a riƙa dubawa, da dare ta kwana a hannun iyaye.

Maganar maƙwabta. Fiye da shekara 100 muke zaune da Yarbawa, mun yi auratayya, mun yi ciniki. Amma ba mu manta da Fabrairun 2021 ba, lokacin da ƙaramar hatsaniya a kasuwar Sasa ta zama asarar rayuka da rumfuna. Faɗan yara a filin ƙwallo, in manya suka shiga da zafi, yana iya zama abin da ba a zata ba. A koya wa yaranmu gaida manyan maƙwabta da harshensu. In an yi faɗa, dattijo ya je wurin dattijo a ranar. Gara ma a haɗa ƙungiyar ƙwallo gauraye, namu da nasu a riga ɗaya.

Masu tura yara ganin gida, abu ne mai kyau, zumunci ne. Amma a haɗa su da babba sananne, a motar tasha, a yi tafiyar rana gwargwadon iko. Kada a ɗora yaro a saman tirela don araha. Hanyar nan ta Ilori, Jebba da Mokwa doguwa ce, kuma damina ce. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ba ta daɗe ba. In kuɗin mota mai kyau bai samu ba, a haƙura sai baɗi.

ABIN DA MUKE ROƘON TARO YA AMINCE DA SHI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwa ɗaya ba za ta iya tsaron yara kwana hamsin ba, amma gida mai iyali shida, in aka yi karɓa-karɓa, kowa kwana ɗaya ne a mako. Saboda haka muna gabatar da shawara huɗu:

1. Kowane gida ya rubuta jerin masu sa ido, a manna a zaure. Maza ma suna ciki. Wanda ba ya samun rana ya ɗauki yamma ko Lahadi.

2. Kowane layi ya fid da ɗalibi ɗaya mai bita da dattijo ɗaya mai kula da filin wasa, a miƙa sunayensu ga sakatare kafin ranar rufe makaranta.

3. A buɗe asusun hutu, kowane magidanci ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk Juma'a. Da shi za a sayi alli da ƙwallo, a yi shatar mota. Marayu da 'ya'yan marasa hali su shiga mota ba tare da an tambaye su komai ba. Almajiran da ke unguwar nan su ma 'ya'yan wasu ne, a sa su a lissafi.

4. A gayyato ma'aikacin jinya daga cikin 'ya'yanmu ya koya wa iyaye agajin farko, rana ɗaya ta maza, rana ɗaya ta mata.

Jama'a, mun baro gida ne saboda yaran nan. Kwandon goro in ka yi kwana uku ba ka buɗe ka duba ba, ka san abin da za ka tarar. To ina ga ɗan mutum, har mako bakwai? Burinmu ranar da za a koma makaranta a ƙirga su a same su cif, kowa da abin da ya koyo a hannunsa.

Allah ya raya mana zuriya, ya tsare su daga ruwa da wuta da mugun abokin tafiya. Allah ya zaunar da garin nan lafiya, mu da masu masaukinmu. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, kuskurenmu kuma a yafe mana.